Yadda ake kashe wutar cek injin a mota

Kafin komai, dubi wutar. Idan tana tsaye cak, kana da lokaci. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, mota na karkarwa, to sauka gefen titi ka kashe. Wannan alama ce ta fulogi ko koyil ba sa ƙona mai daidai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana dafa matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Kuɗin indomi ɗaya ya ninka na fulogi huɗu sau da yawa. Kar ma ka yi maganar goge wutar a nan, kira makanikinka.

Mai tsayawa cak ɗin ita ce tamu. Fara da murfin tankin mai. Yaran gidan mai suna sauri, wani lokaci su ɗora shi kawai ba su murɗa ba. Buɗe, duba robar bakinsa ko ta tsage, mayar ka murɗa har ka ji ƙas-ƙas. Idan shi ne matsalar, wutar kan mutu da kanta bayan an yi tafiya kamar sau uku lafiya, sai dai yakan ɗauki kwanaki.

Ba ta mutu ba? Sai na'urar karanta lamba, wato lambar matsalar da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket na OBD2, na Turai masu fetur kuma daga 2001, wato kusan duk Corolla, Camry da Accord da ke yawo a Kano. Soket ne mai ramuka 16, a ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwarka. Ni ƙaramar nan ELM327 nake amfani da ita, wadda ake haɗawa da waya ta Bluetooth, da manhajar Torque ko Car Scanner. Kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Mai iPhone ya nemi ta WiFi, don masu arhar nan na Bluetooth yawanci ba sa shiri da ita. Cusa ta, murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama amma kar ka tayar da injin, sannan ka haɗa da waya. In ta nemi lambar sirri gwada 1234 ko 0000.

To, ga inda mutane ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Shekarun baya na kai motata wani gareji, yaron ya cusa na'ura, ya danna nan ya danna can, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, an gama." Na ce, "To me ta ce maka?" Ya ce, "Ai na goge." Na biya, na tafi ina murna. Kwana na uku, ina cikin cunkoson Kabuga, wutar ta dawo. Abin takaicin, lokacin da wutar ta fara kamawa ƙwaƙwalwar motar takan ajiye hoton halin da injin yake ciki: zafinsa, gudun mota, yawan juyawar injin, yadda ake ƙara mai ko rage shi. Gogewa na share wannan duka. Saboda haka dokata ita ce, ba a taɓa maɓallin gogewa sai an ɗauki hoton kowace lamba da shafin da ke nuna halin injin. Ko makaniki ne ke riƙe da na'urar, ce masa, "Oga, tsaya in ɗauka tukuna."

Lambobin da za ka fi gani kaɗan ne. P0300 injin na tsallake ƙonawa, P0301 zuwa P0304 suna nuna maka silindar da ke yi. P0455 tururin mai na fita, sau da yawa murfin nan ne. P0171 iska ta fi mai yawa. Da hunturu ƙura kan toshe na'urar auna iska da ke bayan matatar iska, ko kuma wani tiyo ya tsage. Tawa ƙurar ce, feshin wanke na'urar ne ya gama maganar, ba da fetur ko buroshi ba, don wayarta siririya ce kamar gashi. P0420 kuwa indomi ne ya gaji, ko an riga an fasa an cire shi kafin motar ta zo hannunka. Lamba hanya take nunawa kawai, kar ka ruga kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayo sensa don ka ga sunanta a waya. Kuma in daga 'yan bumburutu ka sha mai jiya, fara zargin man.

Bayan gyara, makulli a buɗe, injin a kashe, danna goge lambobi, ka amince, ka zare na'urar, ka tayar. Yi mako kana hawa, ka sake karantawa.

Akwai kuma hanyar kashe wutar ta cire batir: sifana mai lamba 10, kwance kan da ke da alamar ragi, bar shi minti 15, mayar. Ba na son ta. Agogo ya rikice, rediyon wasu Honda ya nemi lambar sirri, silo, wato juyawar injin in mota na tsaye, ya yi ta hawa da sauka kafin ya daidaita, wasu sababbin motocin ma ba sa mantawa ta haka.

In kuma mota za ka saya, murɗa makulli ka tabbata wutar cek ta kama tare da sauran kafin a tayar. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne ko an liƙe shi da baƙin tef.