Darasi na Shida: Yaron da Ƙara da Taɓawa ke Firgita Shi

Akwai yaron da in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya toshe kunnuwa. Wani ba ya jure riga mai kaushi, wani kuma in aka dafa kafaɗarsa ta baya sai ya kai duka. Iyaye kan ce shagwaɓa ce ko taurin kai. Sau da yawa ba haka ba ne. Jikin yaron ne ke jin ƙara, haske, wari da taɓawa fiye da yadda sauran mutane ke ji.

Daga ina abin ke fitowa?

Wasu da haka aka haife su. Masaniyar halayyar ɗan'adam Elaine Aron ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 15 zuwa 20 cikin 100 suna da wannan kaifin ji. Shi kansa ba ciwo ba ne. Ana kuma yawan ganinsa ga yara masu galahanga, wato lalurar da ake kira autism da Turanci.

Wasu kuwa wahalar ƙuruciya ce ta ƙara musu shi: duka mai tsanani, zagi na kullum, lalata da yaro, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, ko zama da mashayi a gida. Daga 1995 zuwa 1997 an yi wa manya fiye da 17,000 tambayoyi a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kusan biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya daga irin waɗannan wahalhalu ya same su suna yara. Gwargwadon yawan abin da ya samu mutum, gwargwadon haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye da ciwon zuciya bayan ya girma.

Ga dalili. In yaro ya tsorata, jikinsa na sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tsoka ta ɗaure, jiki ya shirya gudu ko faɗa. In babba ya rungume shi ya rarrashe shi, sai komai ya lafa. Amma in tsoron na kullum ne, babu mai rarrashi, ko mai rarrashin shi ne abin tsoron, sai ƙwaƙwalwa ta saba da zaman ɗar-ɗar. Irin wannan yaro kamar kofin da ya kusa cika yake, ɗigo ɗaya ya isa ya sa shi ambaliya. Abin farin ciki shi ne, yaro mai kaifin ji kan amfana da kyakkyawar kulawa ƙwarai da gaske, ko da daga mutum ɗaya ce da ba ya juya masa baya.

Ku fara da lura

Ku samu takarda ku ja layi huɗu: rana da lokaci, wuri, abin da ya faru kafin ya rikice, da minti nawa ya ɗauka kafin ya natsu. Ku cika ta har mako biyu. Galibi za ku ga abin na maimaituwa a cikin taro, ko in yana jin yunwa, ko in bai yi isasshen barci ba. Sannan ku sauya abu ɗaya tak, ku ba shi mako guda. In kun sauya uku a tare, ba za ku gane wanne ya yi amfani ba.

In ya riga ya rikice

Ku fitar da shi daga hayaniya, ku rage haske. Ku durƙusa daidai tsayinsa, ku sassauta murya, magana kaɗan: "Ina nan. Ba abin da zai same ka." Kada ku taɓa shi sai ya yarda, kuma ta gaba, ba ta baya ba. Yara da yawa sun fi jure runguma mai ɗan ƙarfi a kan shafa sama-sama. Ku yi numfashi tare: a shaƙa ana ƙirga huɗu, a fitar ana ƙirga shida, sau biyar. Fitar da iska a hankali ne ke rage bugun zuciya.

Tsawa, duka da "me ya sa ka yi haka?" ƙara wuta suke yi, domin a wannan lokaci tsoro ya danne tunani. Faɗa da nasiha su jira sai ya natsu sosai.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, a jefa yaro cikin abin da yake tsoro wai don ya saba. Tsoron sai ya ƙaru. Na biyu, a ɓoye shi daga komai. Yawan toshe kunne kullum, alal misali, na sa kunne ya ƙara kasa jure ƙara. A riƙa gwada shi kaɗan-kaɗan: minti biyar a gefen taro yau, goma bayan kwana biyu, kuma ya san yana iya fita in ya gaji.

Kada a yi wasa da barci. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. A ajiye waya awa guda kafin kwanciya.

Yaushe za a je asibiti?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku je asibiti in baƙin ciki ko fargaba sun wuce mako biyu, in ya daina ci, wasa ko zuwa makaranta, in mugun mafarki ya yi yawa, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina. Ku tafi da takardar da kuka cika, kuma a duba kunnensa, don ciwon kunne ma na sa yaro ya ƙi ƙara. In ya faɗi cewa wani na cutar da shi, ku gaskata shi, ku raba shi da mutumin nan take. In kuwa yana yanka jikinsa ko yana zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke magunguna, guba da wuƙaƙe, a kai shi asibiti a ranar.