Yadda za ka ziyarci gidan tarihin Plimoth Patuxet in Allah ya kai ka Amurka

'Yan uwa na Damagaram masu zuwa Amurka, ko karatu ko ziyarar ɗa ko wani taro, dan Allah in kun sauka wajajen Boston ku ware wuni guda ku gangara Plymouth, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota ta kudu. Akwai gidan tarihi can, Plimoth Patuxet, tun 1947 aka kafa shi. An sake gina ƙauyen Turawan Ingila da suka fara zama a Plymouth ne da mutane a ciki suna girki suna faskare suna noma, gefe guda kuma ga gidajen Wampanoag, masu ƙasar tun asali. Amma fa in ba ka san yadda ake shigarsa ba sai ka yi ta ɗaukar hoto ka fito ba ka ƙaru da komi ba.

Ka fara duba lokaci. Daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Nuwamba suke buɗewa, da sanyi ya kama sai su rufe. Ko cikin Oktoba ne ka ɗauki rigar sanyi mai kauri dan wurin bakin teku ne, iskar tana shiga har ƙashi. Takalmin tafiya, ruwa, darduma cikin jaka. Wajen tikiti ka ce a ba ka wanda ya haɗa da jirgin Mayflower II, kwafin Mayflower ne, jirgin ruwan da ya kawo Turawan, shi yana can bakin ruwa cikin gari sai an ɗan tuƙa mota. In za ka ci abinci ka tambaya ko da naman alade a ciki.

Toh abin da na fi so ka riƙe: ka fara da ɓangaren Wampanoag, kuma ka san da wa kake magana. Mutanen da za ka tarar can ba wasan kwaikwayo suke ba, akwai 'yan asalin ƙasar na yau a cikinsu, masu waya a aljihu da yara a lakwal, suna sanye da kayan kakanninsu amma da bakinsu na yanzu suke magana. Ɗakinsu wetu ake ce mishi, itace ɗanye ake lanƙwasawa a rufe da ɓawon icce ko tabarmi, wuta a tsakiya, kafar hayaƙi a sama, gadaje kewaye da fatu a shimfiɗe. Ka shiga yadda za ka shiga zauren wani dattijo a Birni, da gaisuwa, ka zauna in an ce ka zauna, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Kar ka tambayi mutum ko shi ɗan asali ne na gaske, kar ka bar yaro ya riƙa ihu yana buga baki irin na fim, wallahi abin yana musu ciwo kuma suna da gaskiya.

Tambayi aiki. In ka dace suna yin kwalekwale, mishoon, ka tsaya ka kalla sosai: gungumen icce guda ne, ana hura wuta a kansa a hankali, inda ya ƙone a kankare gawayin a sake hurawa, haka haka har ciki ya rarake, wutar kuma ba a barinta ita kaɗai dan kar ta huda gefe. A gona za ka ga masara da wake da kabewa a tudu ɗaya, waken yana hawa karan masara, kabewa ta rufe ƙasa ta riƙe laima. Duk wanda ya taɓa haɗa hatsi da wake a gonarsa zai samu abin tattaunawa da su.

Kuma ka tambayi abin da ya faru kafin jirgin Mayflower ya zo, nan ne labarin yake da nauyi. Patuxet gari ne na mutane, annoba ta share shi tsakanin 1616 da 1619, cutar da ake dangantawa da zuwan jiragen Turawa. Tisquantum, wanda ya koya wa baƙin binne kifi a gindin masara a matsayin taki, sace shi aka yi 1614 aka kai Turai, can ya ji Turanci, ya dawo ya tarar danginsa sun ƙare. Kenan gonakin da Turawan suka samu a share, na mamata ne.

Daga nan sai ka wuce ƙauyen Turawa. Nan kam 'yan wasa ne, kowa ya ɗauki sunan wani da ya rayu a wurin, kuma a wajensu shekarar 1627 ake ciki, Turancinsu ma na da ne, in bai shiga kunnenka ba ka ce a maimaita. Kar ka ɓata lokaci kana tambayarsu mota ko intanet. Shiga ɗakin, ka ji duhunsa da ƙaurin hayaƙi, rufin ciyawa, daɓen ƙasa, tukunya rataye kan murhu, sannan ka tambayi matar gidan me ta dafa, wa ta rasa a sanyin farko, me ya raba su da Ingila, bashin 'yan kasuwar Landan nawa ya rage a kansu, kuma wa ya ba su ƙasar da suke nomawa. Amsar za ta zo da tunanin mutumin wancan zamani, wani lokacin ma ta sosa maka rai, ka haɗa ta da abin da ka ji a wetu. Fasinja 102 ne suka taso 1620, kwana 66 a teku, kusan rabinsu suka rasu kafin bazara. In ka sauka cikin Mayflower II, wanda aka ƙera a Ingila ya tsallako 1957, ka ga ƙuncin wurin da suka kwana, tausayinsu zai kama ka, kuma ba laifi.

Ni dai ina ganin mu 'yan Zinder bai kamata mu tsaya kan labarin liyafar girbi ta 1621 da Turawan suka yi tare da Massasoit sarkin Wampanoag kawai ba. Mun san Cazemajou ya zo 1898, mun san Tirmini 1899 da ƙarshen Sarki Amadu Kuran Daga, mun san baƙo kan zo da yarjejeniya a hannu. Su ma an yi amana a 1621, amma 1675 yaƙi ya ɓarke da Metacom ɗan Massasoit, aka kashe shi 1676, aka sayar da mutanensa da yawa bayi. Shi ya sa tun 1970 'yan asali ke taruwa a tudun Cole's Hill ranar bikin godiya na Amurkawa suna zaman makoki, in ka je ƙarshen Nuwamba za ka iya tsayawa ka saurara.

Wanda kuma ya sauka ta Washington, Jamestown Settlement a jihar Bajiniya ya fi mishi kusa, can akwai kwafin jirage uku na 1607 da ganuwar katako da ƙauyen Paspahegh, 'yan asalin wurin, da labarin 'yan Afirka na farko da aka kawo daga Angola 1619. Kusa da shi akwai Historic Jamestowne, ainihin wurin da aka kafa garin, inda masu tonon kayan tarihi ke aiki, tikitinsa daban ne, ka shirya kuɗin biyu.