Yadda direktan lakwal na ƙauye zai riƙe ɗiyan talakawa a aji

In an tura ka direkta wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi, kar ka fara da rubuta ma inspekta takardar neman siminti, fara da ƙidaya. Ɗau kaye, ka samu maigari da liman, ku bi gida gida ku rubuta duk yaron da ya isa shiga CI, wato aji na farko, har na rugar Fulani da ke bayan gari, don su ake mantawa kullum. Wanda ba shi da takardar haihuwa ka rubuta shi tukuna, a bi maganar takarda daga baya.

Sai batun kuɗin COGES, wato kwamitin mutanen gari mai kula da lakwal, nan ne ake korar ɗan talaka ba tare da an ce mashi tafi ba. Lakwal na buɗewa watan Oktoba, lokacin mutane na gona ana yankan hatsi, to in ka kira taro sannan kai da inuwarka za ku zauna. Bari a kai damma rumbu, kuma kar ka sa taron ranar kasuwa. A wurin taron ka bari su yanka abin da za su iya, wanda ba shi da jika guda ya kawo tiyar hatsi, wanda ba shi da hatsin ya kawo kara ko ya zo aikin gayya, marayu kuwa a yafe masu gaban kowa a rubuta, saboda gobe kar wani malami ya tsaya bakin ƙofa yana cewa koma gida sai ka kawo. Abin da ya shigo da wanda ya fita ka rubuta a babban allo kowa ya gani. Kuɗin kuma ya zauna hannun ma'ajin kwamiti, ba aljihunka ba, ko da kai waliyyi ne.

Malaminka mafi ƙwazo ka ba shi CI ko CP, aji na biyu. Na san direktoci sun fi son su aje shi CM2, ajin ƙarshe, don a yi suna, ni dai ban yarda ba, yaron da ya wuce CP bai iya haɗa baƙi ba wahala ce zai ta ja.

Yara mata, haɗa kai da uwayen AME, ƙungiyar uwaye mata ta lakwal, su suka san wadda aka ɗora ma talla da wadda aka kawo goron aurenta. Akwai dokar 2017 mai kare karatun ɗiya mace, amma je ka gaida uban da mutunci kafin ka ambaci doka. Yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, aika a duba.

Ajin zana kuma a kiyaye. Gobarar ajin zana ta Nuwamban 2021 nan Maradi ta ci yara sama da 20. Kar a jera runfunan manne da juna, kowace a buɗe mata ƙofa biyu, masu tuyar ƙosai su matsa nesa, in akwai aji guda na siminti a ba ƙananan.