Kurakuran da aka fi yi wajen shigar da al'umma cikin karatun ƙananan yara a makarantun gwamnati

A yawancin makarantun gwamnati, ajin share fagen shiga firamare shi ake tunawa daga ƙarshe. Shi ake ba ɗakin da rufinsa ke yoyo, shi kuma ake tura wa malamin da aka rasa inda za a kai shi. Idan aka nemi al'umma ta shigo ta taimaka, niyyar takan kasance mai kyau, sai dai akwai kurakuran da ake ta maimaitawa har su cinye amfanin taimakon.

Wanda ya fi yawa shi ne ɗaukar al'umma tamkar aljihu. Ba a kiran iyaye sai katanga ta faɗi ko za a yi karo-karo, da zarar kuɗi sun taru kuma sai a sallame su, ba mai sake jin yadda aka kashe. Idan aka yi haka sau biyu ko uku mutane sukan daina amsa kira, sannan a koma ana zarginsu da rashin damuwa da ilimin 'ya'yansu. Gyaran shi ne a nemi shawararsu kafin a yanke abin da za a yi, a manna lissafin kowane aiki a bangon makaranta, a kuma karanta shi da babbar murya a wurin taro saboda waɗanda ba su iya karatu ba.

Daga nan sai batun waɗanda ke zama a kwamitin makaranta. Sau da yawa akan cika shi da masu faɗa a ji waɗanda ba su da ɗa ko jika a ajin, ya zama kwamitin jeka-na-yi-ka, alhali uwar da ta san dalilin da ya sa ɗanta ke kuka duk safiya a bakin ƙofar aji tana gida ba a gayyace ta ba. Manya suna da amfaninsu wajen buɗe ƙofofin hukuma, amma wajibi ne a ware kujeru ga iyaye mata masu yara a wannan ajin, a kuma sa lokacin taro daidai da lokacin da za su iya fitowa.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa daga iyaye yake fitowa, kuma ƙauna ce ke haifar da shi. Uba yakan buɗe jakar ɗansa ya ce, "Kullum wasa suke yi, ban ga komai a littafinsa ba." Malama, don gudun ƙorafi, sai ta mai da ajin ƙaramar firamare. A nan za ka ga yarinya 'yar shekara 4, yatsunta ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba, an sa ta cika shafi guda da harafi ɗaya cikin harshen da ba ta ji, har ta gaji ta kifa kai a kan benci. Abin da wannan yarinya ke buƙata shi ne a yi mata magana da yawa cikin harshen da ta tashi da shi, a ba ta labari a tambaye ta abin da ya faru, a bar ta ta ware murafan kwalba bisa launi tana ƙirgawa, domin a nan tushen karatu da lissafi yake. Hana iyaye magana ba zai magance wannan ba. A ware musu rana guda a kowane zango su zauna a bayan aji su gani da idonsu, malama tana bayyana musu abin da kowane wasa ke koyarwa. Uban da ya ga ɗansa ya raba duwatsu goma gida biyu daidai ba tare da an nuna masa ba, da wuya ya sake raina wasan.

Haka nan akan manta cewa yaro ya fi daɗewa a gida fiye da aji. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya na cikin al'umma sun riƙa ziyartar gidajen yara masu tsumburewa sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Makarantar da ba ta da halin irin wannan ziyara tana iya farawa da abu kaɗan, wato malama ta faɗa wa iyaye labarin da aka ba yara a makon, domin su nemi yaron ya maimaita musu shi da bakinsa.

Wani kuskuren mai haɗari shi ne barin 'yan sa-kai su maye gurbin malami. Kaka mai ba da labari da matashin da ke gyara lilo abin maraba ne, amma mataimaka ne, kuma bai kamata a bar baƙo shi kaɗai da yara ba, komai kyawun shaidar da aka yi masa. Ɗaukar ƙwararren malami da biyan albashinsa nauyin gwamnati ne. A taron da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, ta shirya a birnin Tashkent na ƙasar Uzbekistan a watan Nuwamban 2022, ƙasashe sun amince su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin share fagen shiga firamare, don haka kwamitin da ya rubuta wa hukumar ilimi yana neman malami haƙƙinsa yake nema.

Akwai kuma gangamin shigar da yara da ake yi ba tare da an ƙirga tabarmi, ruwan sha da makewayi ba, har da 'yan shekara 2 da ake haɗowa da yayyensu. A tsayar da shekarun shiga da adadin da ɗakin zai ɗauka tun kafin a fara shela. Bayan an rubuta sunaye kuma, a raba rajistar tsakanin 'yan kwamiti, ta yadda duk yaron da aka yi kwana 3 ba a gan shi ba, za a sami wanda zai je gidansu ya yi sallama ya tambayi lafiyarsa.