Kurakuran da muke yi da yara a gidan soja

"Bari babanku ya dawo!" Da wuya a samu matar soja a barikin Giginya na Sakkwato da wannan magana ba ta taɓa fita daga bakinta ba, kuma ita ce ta fi kowace ɓarna. Bawan Allah ya yi wata huɗu a daji wajen Isa ko Sabon Birni, ranar da ya samu fas, wato izinin zuwa gida, ya shigo da jaka a kafaɗa, maimakon yara su ruga su tarye shi, sai ƙaramin ya laɓe bayan randa. Mun mai da uba dodo. 'Yar'uwa, ke kika ga laifin, ke za ki tsawata a take, magana ta wuce. In ya kira waya, fara da labarin wanda ya ƙara izu a islamiyya kafin ki kai ga wanda ya fasa tulu.

Sai "gobe zai dawo". Muna faɗa ne don kuka ya tsaya, amma yaro ba ya mantuwa. Gari na wayewa zai tsaya a ƙofa, da yamma kuma ya daina yarda da ke. Gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: Baba yana wurin aiki, ba shi ke sa ranar dawowa ba, zo mu yi masa addu'a.

Maigida, kai ma da naka. Yaran nan ba kurata ba ne. Sa ɗan shekara 7 tsallen kwaɗo a ranar Afrilu ta Sakkwato, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ba tarbiyya ba ce. Akwai yaron maƙwabtanmu da kakarsa ta zo daga ƙauye, maimakon ya durƙusa sai ya ƙame ya sara mata. An sha dariya, tsohuwa har da hawaye, amma daga ranar ubansa ya koma rataye muryar fareti tare da kakinsa. Kwanakin fas kaɗan ne. Zauna a tabarma, ku ci tuwo kwano ɗaya, ka bar uwarsu da dokokin da ta kafa ba ka nan.

Canjin wurin aiki kuwa ba ya sallama. Takardar haihuwa, katin rigakafi da sakamakon kowane zango su zauna a jaka ɗaya tun yau, don kada a je sabon bariki a mai da yaro ajin baya.