Gadeniya: Kurakuran da Ke Sa Ganyenta Ya Ɗashe, Furenta Ya Zube

Wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin gadeniya, wata shukar ado, da maraice ya san abin da ke sa mutane ɗaukar ta da ɗoki. Ga ganye kore shar mai sheƙi, ga farin fure mai kauri, ga ƙamshin da fure ɗaya tak kan cika wuri da shi. Amma sau da yawa ba a rufe wata biyu sai murna ta koma ciki: ganye ya soma ɗashewa, tohon fure ya riƙa faɗuwa tun bai buɗe ba. Sai mai ita ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya ɗauke tukunyar daga nan zuwa can. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ƙara dagula lamarin yake yi. Yawan hidima marar kan gado ya fi sakaci kashe gadeniya.

Masana tsirrai suna kiran ta Gardenia jasminoides, kuma dangi ɗaya suke da bishiyar kofi. A 1761 wani masanin halittu mai suna John Ellis ya raɗa mata sunan Alexander Garden, wani likita ɗan Sikotilan da ke zaune a Charleston ta Amurka, amma tun ɗaruruwan shekaru kafin nan ake renonta a ƙasar Sin. Asalinta kudancin Sin ne da Taiwan da Japan da Biyetnam, inda take fitowa a bakin dazuzzuka da gangaren tuddai, wuraren da ruwan sama ke da yawa, ƙasa kuma cike da ruɓaɓɓen ganye. Kusan duk kuskuren da ake yi mata ya samo asali ne daga manta wannan wurin da ta fito.

Babban kuskure, wanda kuma aka fi daɗewa ba a gano shi ba, yana cikin ƙasa. Gadeniya na son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta ke tsakanin 5 da 6 (pH shi ne ma'aunin tsami: lambarsa na hawa, tsamin na raguwa). Idan ya haura 7, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar yana nan daram, amma ya ƙulle ta yadda saiwa ba za ta iya jan sa ba, kuma ba tare da shi ba ganye ba ya yin kore. Alamar a fili take ga wanda ya duba da kyau. Ka kama sabon ganyen da ke saman reshe, ka ɗaga shi wajen haske: jijiyoyinsa kore ne, amma abin da ke tsakaninsu ya koma rawaya, wani lokaci har ya kusa zama fari. Tsofaffin ganyen ƙasa kuwa suna nan da korensu. In ka ga haka, kada ka taɓa buhun taki tukuna.

Me ke kashe tsamin ƙasa? Toka ce ta farko. Mutane na zuba ta da kyakkyawar niyya don tana yi wa wasu tsirrai amfani, amma ga gadeniya illa ce. Haka ɓawon ƙwai da aka daka. Sai dasa ta a jikin katangar siminti ko kusa da daɓe, inda ruwa ke wanko ƙarfin simintin ya zuba a gindinta. Wanda ya fi su ɓoyewa shi ne ruwan ban ruwa kansa. Ruwan da ke barin farin dabbare a cikin tukunyar dafa ruwa, ko wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yana ɗaga pH a hankali, kowace rana kaɗan-kaɗan, har ƙasar da aka fara da ita mai kyau ta juye.

Gyaran hawa biyu ne. Na gaggawa shi ne sinadarin ƙarfe na shuke-shuke da ake narkawa a ruwa. Idan ƙasar ta yi nisa, a nemi wanda aka rubuta EDDHA a jikinsa, don shi ne ke ci gaba da aiki ko da pH ya hau. Sabon ganye zai nuna canji cikin 'yan makonni. Na dindindin kuma shi ne garin farar wuta kaɗan a barbaɗa a saman ƙasa, a kuma koma ba ta ruwan sama duk lokacin da hali ya yi. Farar wuta ba ta da hanzari: ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ne ke sarrafa ta, kuma sukan ɗauki watanni. Mai gajen haƙuri ya ga shiru sai ya ninka, ya ƙone saiwa, garin neman gira ya rasa ido. Garin kofin da aka riga aka dafa, wanda ake yawan ba da shawararsa, ba shi da tsamin da ake zato. A zuba shi cikin takin ruɓa ya fi.

To, ba kowane rawayan ganye ne matsalar ƙarfe ba, kuma a nan ne ake rikicewa. Idan tsofaffin ganye 'yan kaɗan ne suka yi rawaya gaba ɗaya suka faɗi, musamman lokacin da sababbi ke fitowa, wannan al'adar shuka ce, ba abin tashin hankali ba ne. Idan kuwa ganyen ƙasa da yawa suka ɗashe tare, shukar ta yi laushi alhali ƙasar jiƙe take, to ruwa ne ya yi yawa. Saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, don haka shukar kan yi yaushi tamkar mai ƙishi, mai ita kuma ya ƙara mata abin da ke kashe ta. A zare ta daga tukunya a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa-baƙa ce, tana silɓewa a yatsa, tana wari. A yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, a canza ƙasa, a mayar da ita cikin tukunyar da ba ta fi girman saiwar da ta rage da yawa ba.

Maganar ban ruwa ba ta bin kalanda. A tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. In ya fito a bushe, a zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunya marar huji kabari ce, komai kyanta. Jera tsakuwa a gindin tukunya ma ba ya maye gurbin huji, hasali ma matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa yake yi. Abin da ke aiki shi ne ƙasa mai sako-sako: ruɓaɓɓen ganye, ɓawon itace da ya ruɓe, da yashi mai manyan ƙwayoyi.

Sai inuwa. An ce gadeniya na son inuwa, gaskiya ne, amma mutane da yawa sun ji rabin maganar. A saka ta a lungu mai duhu ko ƙarƙashin bishiya mai cunkoson ganye, za ta rayu, rassanta su miƙe sirara suna neman haske, shekara ta zagayo babu fure ko ɗaya. A saka ta a tsakar rana a wuri mai zafi, ganye ya ƙone ta baki-baki, fure ya yi ja cikin yini ɗaya. Abin da take so shi ne ranar safe na 'yan sa'o'i, sannan inuwa daga azahar zuwa la'asar, ko kuma hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganyen bishiya mai sako-sako. Gabashin gini ya fi yammacinsa.

Zubewar toho ita ce ta fi ƙona rai, don sai an gama sa rai take faruwa. Tohon ya kumbura, ya fara nuna fari a baki, da safe a tarar da shi a ƙasa. Sanadin kusan kullum canji ne na farat ɗaya: ƙasa ta bushe ƙurmus sannan aka malala mata ruwa, ko busasshiyar iska ta buge ta, ko an kai ta gaban na'urar sanyaya ɗaki, ko kuwa an ɗauke tukunyar zuwa inda za a fi ganin furen. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi sauƙin kaucewa: da zarar ta ɗaura toho, a bar ta inda take. Ta fi ɗaura shi idan dare na da ɗan sanyi, kamar digiri 15 zuwa 18, don haka a inda dare ke da zafi sosai kada a zargi kai idan fure ya yi ƙaranci a wannan lokacin.

Saiwarta a sama-sama take, don haka fartanya ba ta da aiki a gindinta. A cire ciyawa da hannu, a shimfiɗa busasshen ganye kaurin santimita 5 ko fiye kaɗan, amma kada ya taɓa jikin kara. Wajen dashe ma kada a binne ta fiye da zurfin da take a tukunyarta ta farko. Taki kuma kaɗan-kaɗan, lokacin da take girma, irin wanda aka yi don tsirrai masu son tsami, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ƙona ta yake yi. Aski kuwa a yi shi da zarar ta gama fure. Wanda ya jinkirta, tohon da ke tafe yake yankewa.

Ganyen da ya yi baƙi kamar hayaƙi ya turnuƙe shi ba cuta ce ta kansa ba. Ƙwari ne masu tsotsa, irin su darɓa da farin ƙuda da masu manne wa kara kamar ƙananan ƙuraje, suke zubar da ruwa mai zaƙi, baƙin kuma a kansa yake tsirowa. A juya ganye a duba bayansa, a kuma lura da tururuwa masu hawa da sauka, don su ke kiwon ƙwarin. Ruwan sabulu mai laushi ko man darbejiya da aka sirka ya wadatar, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. Fesawa da rana tsaka ƙona ganye take yi.

Yaɗa ta ba shi da wuya, amma nan ma akwai inda ake zamewa. Wasu su yanko tsohon reshe da ya zama itace, wasu su yanko ɗanyen tsiron da ke lanƙwashewa a hannu. Na tsakiya ake so: wanda ya fara ƙwari amma bai yi tauri ba, tsawon santimita 10 zuwa 15, a yanke shi daidai ƙarƙashin gaɓa, don a gaɓar ne saiwa ke fitowa. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu zuwa huɗu a sama, manyan a rage su rabi da almakashi. Idan akwai tohon fure a kai, a tsinke shi, duk da zuciya ba ta so; reshen da ba shi da saiwa ba zai iya ɗaukar nauyin fure ba. A soke shi cikin yashi da aka haɗa da zaren ɓawon kwakwa, a jiƙa, a rufe da farar leda ta yadda ba za ta taɓa ganye ba, a ajiye a wuri mai haske amma ba rana. Ledar da rana ta haska dafa reshen take yi. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 8. Kada a riƙa zaro shi don a duba. Sabon ganye a sama shi ne shaida. Ana iya jiƙa shi a kwalbar ruwa ma, muddin ana canza ruwan a kai a kai, kuma a dasa tun saiwar ba ta yi tsawo ba.

Shuka ta iri hanya ce mai nisa: sai an yi shekara 2 zuwa 3 kafin fure, kuma masu ninkin fure da aka fi so ba su cika yin 'ya'ya ba. A inda tsutsar ƙasa mai kumbura saiwa ta yi yawa, kamar a Fulorida ta Amurka, masu reno kan aurar da ita a kan gindin 'yar'uwarta Gardenia thunbergia ta kudancin Afirka, wadda ke jure wa tsutsar. Idan ka samu irin wannan, duk reshen da ya fito ƙasa da wurin auren ka yanke shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi saman.

Furen kansa ba ya son taɓawa. Yatsa ko ɗigon ruwa kan bar masa tabo ja-ja, shi ya sa ake ban ruwa a gindi, ake kuma tsinkar sa da safe a riƙe ta kara. Ba ya daɗewa a kwalba. Ya fi kyau a yanke shi gajere a ɗora a kan ruwa cikin ƙaramin kwano. A Sin ana ƙamsasa ganyen shayi da shi, 'ya'yan kuma ana samun rini mai rawaya daga cikinsu, wanda Sinawa da Japanawa da Koriyawa suka daɗe suna rina tufafi da abinci da shi. Wannan ba izini ba ne a jefa furen da aka yi wa feshin magani cikin abin sha. Masu kyanwa ko kare su ajiye ta inda dabbar ba za ta kai ba, don cin ganyenta na sa su amai da zawo.