Yadda Ake Shawo Kan Aftasiya a Tankin Murjani Ba Tare da An Ƙara Yaɗa Ta Ba

Duk wanda ya kafa tankin murjani a gidansa, wato tankin gilashi na ruwan gishiri da ake kiwon murjani mai rai a ciki, a Jidda yake ko a Makka ko a Yanbu, ko ba daɗe ko ba jima zai ga wata 'yar halitta mai ruwan ƙasa-ƙasa ta leƙo daga ramin dutse, tana da dogon jiki mai sheƙi wanda ana iya hango cikinsa, da siraran hannaye masu tsini kewaye da bakinta. Wannan ita ce aftasiya, wadda masana ke kira Aiptasia. Dabba ce daga dangin animonin teku, 'yar'uwar murjani ta kusa, kuma a ganin farko ba ta da muni, shi ya sa sabon mai tanki yakan yi murna da ita a zaton kyauta ce ta biyo dutse. Illarta ita ce hannayenta cike suke da ƙwayoyin harbi, tana ƙona duk murjanin da ke maƙwabtaka da ita har ya rufe ya ƙi buɗewa, sannan ta mamaye wurinsa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, yawancin tankunan da aftasiya ta cinye, hannun mai tankin ne ya taimaka mata, domin ya yi gaggawar kai mata hari ta hanyar da ba ta dace ba.

Dalilin haka yana cikin yadda take hayayyafa. Aftasiya tana manne da dutse ne da wani faffaɗan gindi, kuma idan ta matsa daga wuri zuwa wuri takan bar ƙananan gutsattsarin nama a baya, kowane guntu kuma cikin 'yan kwanaki yakan fitar da baki da hannaye ya zama cikakkiyar aftasiya. Halinta ɗaya da ƙiri-ƙiri a gona, wanda duk guntun saiwar da fartanya ta bari sai ya tsiro. Saboda haka wanda ya kankare ta da wuƙa, ko ya fizge ta da hantsaki, ko ya goge ta da buroshi a cikin ruwa, shuka ta ya yi a ko'ina cikin tankin. Yunwa ma ba ta kashe ta, duhu ma haka, domin tana da hanyar ci biyu: a cikin namanta akwai ƙananan tsirrai na algi da ke samar mata abinci daga haske, kamar yadda yake ga murjani, sannan tana kama ragowar abincin kifi da hannayenta. Idan aka hana ta haske sai ta yi fari fat, ta ci gaba da rayuwa. Wannan taurin rai ne ya sa masu bincike a jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, suke kiwonta da gangan a ɗakin gwaji don nazarin yadda murjani ke rasa launinsa ya yi fari, har ma suna cikin waɗanda suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadonta a shekarar 2015.

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa aftasiya ce. A ɗauki tocila da daddare, bayan fitilun tanki sun mutu, a haska duwatsu sannu a hankali, har da ƙarƙashinsu da bayan gilashi. Idan aka kusanto da tsinke kusa da ita, aftasiya takan tsuke ta nutse cikin rami nan take, wani lokaci ta fitar da wasu fararen zaruruwa daga jikinta. Tsutsar bututu mai kan gashin tsuntsu ita ma takan ɓuya, amma tana da bututu mai tauri da take komawa ciki, kuma ba ta cutar da komai, don haka a bar ta. Akwai kuma majano, wata animoni ce gajeriya, mai kore-kore, wadda ƙarshen hannayenta yake a kumbure. Ita ma ɓarna take yi, sai dai tana zama a saman dutse, kuma sau da yawa ana iya ɓamɓare ta gaba ɗaya idan an fitar da dutsen waje. A wannan zagaye na tocila a ƙirga yawansu, a lura da inda kowace take, domin yawan ne zai nuna hanyar da za a bi. Kada a manta da tankin ƙasa inda matattarai suke, da akwatin da ruwa ke malala ta cikinsa, saboda a can ne sukan ɓuya su yi ta aiko da 'ya'ya sama.

Idan guda ɗaya ce ko biyu a kan ɗan dutsen da aka dasa yankan murjani, aikin mai sauƙi ne. A fitar da shi daga tanki, a yanke murjanin daga gindinsa, a sake dasa shi a kan sabon dutse mai tsabta, a jefar da tsohon. Idan kuwa a ramin babban dutse take, wanda za a iya ɗagowa, to a fitar da shi, a taɓa ta ta shige ciki, a share wurin da tsumma, a toshe ramin da gam mai kauri na sufa-gulu ko da ƙullin ifoksi na tankin ruwa, a tabbatar an rufe har gefe da gefe. Dutsen teku yana da ramuka masu haɗe da juna, shi ya sa za a ci gaba da duba bayansa na 'yan makonni ko ta ɓullo ta wata ƙofa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen kashe ta a cikin ruwa, don haka a nan zan tsawaita. Abin da ake bukata shi ne sirinji mai dogon baki, da safar hannu, da tabarau na kariya, da maganin da za a ba ta. Akwai magungunan da ake sayarwa a shagunan kifin ado, kamar Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, akwai kuma wanda mutum zai haɗa da kansa daga garin kalkwasa, wato farin garin da masu tanki ke jiƙawa don ƙara wa ruwa kalsiyam. Ana dama garin da ɗan ruwan da aka tace har ya yi kauri, amma ba kaurin da zai toshe sirinji ba. Garin yana cin fata, kuma haɗari ne ga ido, shi ya sa safar hannu da tabarau suka zama dole.

Kafin a fara, a kashe dukan famfunan tanki, na dawo da ruwa da masu kaɗa igiya, a jira ruwa ya tsaya cak, aftasiya ta buɗe hannayenta sosai. Sai a saukar da sirinji a hankali ƙwarai, ba tare da bakinsa ya taɓa hannayen ba, a tsaya daidai saman bakinta da ke tsakiya, a saki ɗigo ɗaya. Za a ga ta naɗe hannayenta a kan ɗigon tana jan sa ciki a zaton abinci ne, kuma wannan shi ne abin da ake so, domin maganin da ta haɗiye da kanta shi ne ke kai wa har gindi. Daga nan sai a ƙara har ya rufe fuskarta da bakin ramin duka. Wanda ya yi garaje ya soke ta tun farko, za ta shige rami, maganin ya zauna a waje, bayan mako guda ta fito tare da ƙananan 'ya'ya kewaye da ita. A bar famfuna a kashe na minti 15 zuwa 30, sannan a zuƙe ragowar farin maganin da narkakken naman da siririn tiyo zuwa bokiti, a kula kada ɓurɓushi ya sauka a kan murjani mai rai, domin zai ƙona shi. Bayan haka ne za a kunna famfuna.

Kada a yi kwaɗayin gamawa a rana ɗaya. Ruwan kalkwasa yana da ma'aunin pH, wato awon tsami ko kaifin toka na ruwa, sama da 12, alhali tankin murjani yana son ya zauna tsakanin 8.1 da 8.4, kuma a ƙaramin tanki 'yan cokula kaɗan sun isa su ɗaga shi har kifi su shiga wahala. A kashe kaɗan yau, a auna ruwa, a huta kwana biyu ko uku, a koma. Wasu suna amfani da ruwan lemon tsami ko khal a allura, yana kuma aiki idan an samu cikin jikinta, amma samun yana da wuya, kuma yawansa yana saukar da pH. A ganina maganin da ake ciyar da ita ya fi wanda ake soka mata tabbas, musamman ga wanda hannunsa bai saba ba.

Idan sun wuce ƙirga, ko suna inda sirinji ba ya kaiwa, lokaci ya yi da za a nemi taimakon halittun da ke cin su. Mafi sauƙin samu shi ne jatan lande na jinsin Lysmata, irin su Lysmata wurdemanni, mai jiki garai-garai da jajayen layuka a tsawon jikinsa, wanda asalinsa daga yammacin tekun Atlantika ne. Yana fita da daddare, ya fi son ƙananan aftasiya, kuma idan yana samun ragowar abincin kifi a yalwace ba zai wahalar da kansa ba, don haka a rage ciyarwa a kwanakin da aka kawo shi. A lura sosai wajen saye, domin akwai wani jatan lande mai doro a baya, mai layuka farare da ja masu haske, wanda ake rikita su, shi kuwa murjani mai laushi yake tsinka, ba ruwansa da aftasiya. Haka kuma idan akwai manyan kifaye masu farauta a tankin, jatan landen ba zai kwana biyu ba.

Wadda ta fi kowa ƙwarewa ita ce bargiya, Berghia stephanieae, wata 'yar katantanwa marar kwanso mai fari-fari, wadda tsawonta bai cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ba ta cin komai a duniya sai aftasiya, tana shiga ramuka ta cinye har gindi, kuma ba ta taɓa murjani. Sai dai tana bukatar haƙuri. Da rana ba a ganinta, kuma 'yan ƙalilan da aka saka ba su ne za su gama aikin ba, 'ya'yansu ne, waɗanda ke fitowa daga fararen ƙwai da take naɗewa a ƙarƙashin dutse, don haka akan yi wata biyu ko uku kafin a ga bambanci. A sa su tare a wuri ɗaya kusa da aftasiya, da daddare, famfuna a kashe, a kuma daina zuba magani don kada a hana su abinci. Ba a haɗa su da jatan landen da aka ambata, domin yakan cinye su, haka ma wasu kifayen da ke tsince-tsince a dutse. A zafin bazarar Saudiyya, leda da aka bari a mota na ɗan lokaci ta isa ta kashe su, don haka wanda zai ɗauko daga Jidda zuwa Makka ya sa su a cikin kula mai riƙe sanyi, ya kuma daidaita zafin ruwan ledar da na tanki, wato digiri 24 zuwa 26 na ma'aunin Celsius, kafin ya sake su. Idan aftasiya ta ƙare yunwa za ta kashe su, kuma abin da ya dace shi ne a tsince waɗanda aka gani a miƙa wa wani ɗan'uwa da ke fama da irin wannan matsala. Ga majano kuwa ba su da amfani.

Kifaye ma akwai. Acreichthys tomentosus, ɗan kifi mai kaushin fata da ke saje da dutse, yakan ci aftasiya, amma wani ya ƙi, wani kuma ya koma kan murjani mai nama bayan ta ƙare. Kifin malam-buɗe-littafi mai dogon baki da layukan ruwan tagulla, Chelmon rostratus, yana da kyau ƙwarai, sai dai yana kaiwa santimita 20, yana bukatar babban tanki, kuma da yawa sukan ƙi cin abinci su mutu a hannun wanda bai ƙware ba. Ba na ba sabon mai tanki shawarar sayen sa don wannan aiki kawai, domin rai ne da za a ɗauki nauyinsa shekaru.

Dutsen da ya cika maƙil, babu murjani mai daraja a kansa, a fitar da shi gaba ɗaya. A jiƙa shi a ruwan bilic a waje inda iska ke kaɗawa, a ɗauraye shi sau da yawa, a sa maganin cire kilorin, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau warin ya tafi, sannan a sake jiƙa shi a ruwan gishiri a wani mazubi daban na makonni kafin ya koma tanki. Kada a kuskura a tafasa dutse a tukunya. Wasu ƙananan murjani na jinsin Palythoa suna ɗauke da guba mai tsanani da ake kira falitoksin, kuma tururinta ya sha kwantar da iyalai gaba ɗaya a asibiti. Ruwan da aka zuƙe da duk abin da aka cire daga tanki, a zubar a magudanar gida ko a shara, kada a kai bakin teku, saboda halittun tanki daga tekuna daban-daban suke, Bahar Maliya kuma tana da nata murjanin da hukuma ke karewa.

Abin da ya rage shi ne tsare ƙofa, tunda aftasiya ba ta shiga tanki sai an shigo da ita. Takan zo a kan dutse mai rai, wato dutsen da ke zuwa da ƙananan halittu a jikinsa, ko a gindin yankan murjani, ko a cikin dunƙulen algi da abokai ke musaya, wani lokaci ƙanƙantarta ba ta wuce milimita 2 ba. Ruwan maganin da ake tsoma sabon murjani a ciki yana kakkaɓe tsutsotsi, amma ba a dogara da shi a kanta. Abin dogaro shi ne ƙaramin tanki na keɓewa, inda duk sabon abu zai zauna kamar mako huɗu ana duba shi da tocila, a kuma cire tsohon gindin da ya zo da shi. Bayan an ga kamar an gama, a ci gaba da zagayen dare sau ɗaya a mako, a buɗe akwatin malala da tankin ƙasa a duba, a kashe duk ƙaramar da aka gani a ranar. Wanda kuma zai ba wani yankan murjani daga tankin da aftasiya ta taɓa shiga, ya sanar da shi tun kafin ya karɓa, domin ya fara sa shi a tankin keɓewa.